Shekarar da Kajin Kulu Suka Yi Ƙiba

Bana marka ta zauna mana a Bungudu kamar baƙon da ya hango tuwo a kan wuta. Katangar maƙwabcina ta kwanta, tawa ta durƙusa tana jiran umarni. Ni kuwa ina zaure, ƙafa ɗaya na ciwo, ɗayar na taya ta, ina kallon kaji suna cin abin da ni ban samu ba ina saurayi.

Jikata Nafisa ce ta jawo mana wannan. Karatun noma take yi a Gusau, wato a cikin aji, da fanka a bisa kanta. Ni ma ɗan boko ne, kada a raina ni. Na yi aji uku cur, na shiga na huɗu, sai jakin gidanmu ya ɓata aka ce in je nema. An ga jakin. Ni ne har yau makarantar ba ta gani ba.

Da hutun bazara ta zo da kwali cike da 'yan tsaki, irin namu na gida. Ta ce gwaji aka ba su a makaranta: rabi a ba su dusa zalla, rabi a haɗa musu da garin ganyen zogale, a ga waɗanda za su fi girma.

"A inuwa ake shanya shi, tsoho, ba a rana ba," in ji ta. "A daka, a tankaɗe, a barbaɗa kaɗan cikin dusa. In ya yi yawa sai su ƙi ci."

Na ce, "Amarya, yanzu kaza ma sai da miya? Gobe kuma a sayo musu man shafawa."

"Kai dai yi ta surutu. In sun girma ko fiffike ba ka gani. Da wane haƙorin ma?"

Kakarta Kulu, matata, tana bakin murhu, ta ci gaba da hura wutarta. Tun ina da baƙin gashi ba a kiwon kaza a gidana, ba a kuma dafa ta a tukunyar Kulu. 'Ya'yanmu sun taso suna zaton ƙarni ne ba ta so. Da hutu ya ƙare Nafisa ta koma ta bar kajin, na ce a raina muzuru ya yi gado. Sai wata safiya na leƙa ɗakin girki na tarar an shimfiɗa tabarma, ganye baje a kai, Kulu na juya shi da bayan hannu, daidai yadda na san ta tana yi wajen shekara hamsin da suka wuce. Gwajin Nafisa kuwa ya lalace tun makon farko. Kulu ba ta iya tsayawa ta ga rabi na ci rabi na kallo. Duka ta haɗa ta ba su.

Wancan zamani muna wata tunga bayan Nahuce, gida ɗaya, gandu ɗaya. Mahaifinmu ya rasu, gandun ya koma hannun wana, Yaya Bawa. Shi ke shiga rumbu, shi ke awo, shi ke cewa yau a tashi, gobe a zauna. Dogo ne, mai murya. In ya yi tari a ƙofar gida, akuya ma gyara tsayuwa take yi. Ba zan ce mugu ne ba, don ban taɓa ganin ya makara ga sallah ba, kuma bai taɓa cin abin wani a ɓoye ba. A fili yake ci.

Daminar da ta gabata ta yaudare mu. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, abin da muka girbe ko kunyar rumbu bai rufe ba. A shekarar ƙoshi, in Yaya ya hau rumbu ɗibar hatsi, daga gwiwa zuwa sama duk ana ganinsa. Wannan shekara kafin bazara ta raba tsakiya ko hularsa ba a hange, sai muryarsa ke fitowa daga ƙasa kamar mai gyaran rijiya.

Zafin kuwa ba na wasa ba ne. Da hantsi ƙasa ta fara cizon tafin ƙafa. Guga na dawowa da laka, a tace a zane, a sha, a yi godiya. Tuwo ya koma na dare kaɗai, sannan ya koma kunu, sannan kunun ya yi ruwa har kana ganin ƙasan ƙwarya tun ba ka kurɓa ba. Daga nan muka waiwayi dusa, wadda da awaki muke zuba wa. Awakin an riga an sayar, saboda haka babu wanda ya yi ƙorafin gado. Da safe mu fita sassabe, mu ƙona, mu dawo kafin rana ta take, mu kwanta gindin tsamiya muna duban gabas, kowa na ƙarya cewa ya ji ƙamshin ruwa.

Kulu na da ciki na biyu a lokacin. Na farkon namiji ne, nono bai zo mata sosai ba, yaron ya koma tun bai iya zama ba. Ungozomar tungarmu, Inna Tumba, ta matsa hannun Kulu ta ce, "Jikin ga babu mai, ɗiyata. In Allah ya sake ba ki, ki sha romon kaza da yaji har ki ture. Nono zai zo ya ishi tagwaye." Kulu ta riƙe maganar nan kamar wasiyya.

Kaza ɗaya gare ta, wake-wake, wadda uwarta ta ba ta ranar da aka kawo ta gidanmu. Kazar mace kuwa ta mace ce, kowa ya san wannan, ba ta cikin gandu, ba ta cikin awo. Kazar ta yi kwanci a ƙarƙashin gado ta ƙyanƙyashe tara. Shirwa ta ɗauki zakkarta guda biyu, saura bakwai. Kulu ta ce waɗannan na jego ne, ta faɗa a tsakar gida kowa na ji.

Sai dai me za su ci? Tsaki babu, don mu ma ba mu bar ƙwaya ta faɗi ƙasa ba. Ta fara kifa tsohuwar tukunya da kashin shanu da kara a bakin suri, da safe ta kwaso gara. Wannan ya riƙe su suna ƙanana. Da suka fara fiffike gara ta daina isarsu. Sai ta koma raba dusarta biyu, ita rabi, su rabi. Dusar ma ba ta gina su ba, suka yi dogayen ƙafafu da manyan idanu, kamar mu.

A bayan makewayinmu akwai zogale guda uku da Kulu ta dasa daidai inda ruwan wanka ke bi. Zogalen kowa ya zama sanda, nata na nan kore. In ta tsinko, gida ake dafa wa, a kwaɗa da gishiri, a raba. Sai ta riƙa cire rabonta tun yana ɗanye. Ta watsa wa kajin haka, suka tsattsaga suka watsar. Ta shanya a rana, ya koɗe ya yi fari-fari, suka ƙi ko kallo. Rannan iska ta tashi ta kwashe shanyar ta shigar ɗaki, ta manta da ita kwana biyu. Da ta duba, ganyen ya bushe ƙayau amma korensa na nan. Ta daka a ƙaramin turmi, ta tankaɗe, ta barbaɗa a dusa, ta yayyafa ruwa. Suka ci har suna hawa kan juna. Wata rana ta cika hannu, suka juya mata baya, kashinsu ya yi ruwa. Daga nan ta san gwargwado: ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka a cikin tafi guda na dusa.

Na dube ta wata yamma, wuya ya zama kamar kara, ciki ya yi gaba shi kaɗai. Na ce, "Kulu, ke ce mai cikin ko su?"

Ta ce, "Ajiya nike yi. Abin da na ci yau, gobe babu shi. Abin da sunka ci kuwa, ga shi can yana yawo tsakar gida."

Aji uku da rabi bai kai nan ba.

Ruwa ya zo a makare. Muka yi shuka, ya tsiro, ruwa ya ɗauke, rana ta soye shi. Muka sake shuka da ɗan irin da ya rage a tulu, wanda Yaya ya liƙe bakinsa da laka don kada yunwa ta ba wani shawara. Sannan sama ta buɗe gaba ɗaya. Ɗakuna suka yi yoyo, tabarmi suka yi funfuna, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika idon mata. Tafasa ta fito, rama ta fito, yaɗiya ta hau danga. Muka ci ganye safe da yamma, babu ƙuli, babu mai, har cikin kowa ya riƙa kuka kamar kwaɗin fadama. Ba a zama a gama hira, sai ka ga dattijo ya miƙe a tsakiyar magana ya nufi bayan gari da sauri, buta a hannu.

Mutane suka zube. Wando ya daina zama a ƙugu sai da igiya. Yara suka yi jan gashi da tulun ciki. Cikin tungar nan duka, abu mai rai da ke ƙara nauyi kajin Kulu ne kaɗai. Ƙafafunsu suka yi rawaya, tukkun zakarun ya yi ja wur, gashinsu na sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa. In suna tafiya ƙirji ke gaba. Maza suka fara tsayawa jikin dangarmu suna gaisuwa mai tsawo. A tambayi lafiyata, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a sake tambayar lafiyata, ido kuwa bai taɓa sauka a kaina ba.

Ruwan da ya raya gero shi ya raya ciyawa. Mun yi noman farko da ƙyar, kafin mu kai ƙarshen gona farkonta ya sake rufewa. Harkiya ta kamo geron tana neman wuce shi. Fartanya ta yi mana nauyi, ka yi sara goma ka tsaya ganin taurari da rana tsaka. Kowa ya san in ba a yi maimai cikin 'yan kwanakin nan ba, gonar ta tafi, baɗi kuma ba mu da ko iri. Sai gayya. Gayya kuwa ba a kiranta da baki kawai. Yaya ya zaga tungaye, duk inda ya je tambaya ɗaya ce: "Mi za a ci?"

Ya dawo ya zauna bisa turmi ya ce, "Labbo, kajin ga."

Na ce, "Yaya, na Kulu ne. Na jego ne."

"Kira ta."

Ta zo ta durƙusa daga nesa, da cikin nan da ya hana ta durƙuso mai kyau, kai a ƙasa. Ya yi mata bayani, kuma bayanin ba ƙarya a ciki. Ta saurara har ya gama.

"Ku yi haƙuri, Yaya," ta ce. "Kun san yadda na farin ya tafi."

"Rai na Allah ne."

"Na sani, Yaya. Ku yi haƙuri."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To madalla. Tashi." Ni kuwa, da yake mai ilimi ne, na ɗauka magana ta ƙare.

Kwana biyu bayan haka ya ce in tafi Tsafe wajen kawunmu in roƙo mana dawa. Na taka zuwa bakin titi, na hau bayan babbar mota bisa buhunan albasa, ruwa na dukana har Gusau, daga can wata ta ƙarasa da ni. Kawu ya ba ni dawa a gindin buhu, ya cika sauran buhun da nasiha. Na kwana, na juyo.

Tun daga nesa na jiwo gangar noma. Na ce ikon Allah, wa ya samu abin kiran gayya a shekarar nan? Ina matsowa ina jin sautin na karkata wajen gonarmu. Na bi ta gida. A bakin ƙofa gashin kaji ne jiƙe cikin taɓo, fari da ja da baƙi, a cikinsu har da wake-wake. Ko uwar bai bari ba.

Inna Tumba ce ta ba ni labari, tana wanke tukunya. Da asuba, kaji na cikin akurki, ya sa hannu ya zaro su ɗaya bayan ɗaya. Kafin Kulu ta sallame sallah an jera su a ƙasa. Abin da aka yanka kuwa ba a mai da shi. Matan gida suka zo figa, Kulu ta ce kada wanda ya taɓa, ita ta san su. Ita ta fige, ita ta gyara, ita ta dafa. Inna Tumba ta ce kitsen da ya taso bisa romon rawaya ne kamar man shanu, tun da take ba ta ga irinsa a kazar gida ba. Ta roƙi Yaya a ɗebar wa mai ciki ko ludayi ɗaya. Ya ce ya yi wa mutane alkawarin tsoka, kuma shi ba ya saɓa alkawari. Kawuna da ƙafafu ma makaɗi aka ba.

Na isa gona da buhuna a kafaɗa. An gama ci, an kusa gama aikin. Gonar ta yi fes, gero ya fito yana numfashi. Na yi magana, irin maganar ƙane a gandu, ganga ta fi ta ƙara. Daidai nan Kulu ta zo kwashe akussa. Ba kuka take yi da murya ba, ruwa ne kawai ke bin fuskarta. Yaya ya gan ta, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen kunyar gona zai ji.

"Mi kike ma kuka? Garin ganyen ga bai ƙare ba, ko? Ki ci abincinsu. Kin ga dai yadda sunka yi ƙiba."

Aka kwashe da dariya, da maiƙo a leɓe. Ban riƙe su a zuci ba. Mai yunwa, duk wanda ya ciyar da shi, abin dariyarsa na da daɗi.

Kulu ta haihu gero bai nuna ba. Mace ce, aka sa mata Ramatu, babu rago, babu ɗan akuya, sai addu'a da goro ƙwaya kaɗan. Inna Tumba ta yi mata wankan jego da ruwan zafi yadda aka saba. Kunun kanwa kuwa sunansa kawai ya zo. Garin ganyen nan da ya rage a tulu, shi Kulu ta riƙa damawa da dusa da ruwan ɗumi tana ci, safe da yamma, a tsakar gida inda kowa zai gani. Na ce ta shiga ɗaki mana. Ta ce ai umarnin Yaya take bi.

Nono ya zo, amma kaɗan. Yarinyar ta yi ta tsotso tana saki tana kuka, sannan kukan ya yi ƙasa, sannan ta daina wahalar da kowa. Ranar da aka fara gasa tumu a tungarmu muka kai ta makwancinta. Muna dawowa ƙamshinsa ya tare mu tun daga bakin hanya.

Geron kuwa ya yi. Ban taɓa ganin gonar nan ta ba da irinsa ba. Rumbu ya cika har Yaya ya tsaya a kai ana ganin ƙafarsa. Mutane suka riƙa ba da misali da shi: namiji, wanda ya fid da gidansa a shekarar da wasu suka watse. Kuma gaskiya ne, geron nan muka ci muka rayu, har ita Kulu. Ni ba malami ba ne, ban ce romo na tsare rai ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Kulu dai ba ta taɓa neman fatawar kowa a kan wannan ba.

Bayan kaka muka fita gandu, muka dawo Bungudu. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan, suka rayu. Duk shekarun nan ba ta taɓa faɗa wa Yaya baƙar magana ba. Suna ko biki ko ta'aziyya, in sun haɗu za ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Har ya kan ce da ni, "Labbo, ka yi dacen mata."

To, bana, marka na farawa, 'ya'yansa suka kai shi asibiti Gusau, ƙafafu sun kumbura. A hanyar komawa suka sauke shi gidana, wai ya huta kwana biyu kafin hanyar tunga ta bushe. Da alama hanyar nan ba ta da niyyar bushewa, don ko wayarsu ta daina shiga. Dogon nan ya naɗe ya zama ɗan ƙulli. Haƙori babu, muryar ma sai ka kai kunne. Kulu ke dama masa kunu, ita ke tuƙa masa tuwo mai laushi, ita ke sa a wanke masa tufafi. Ban ji ta yi tsaki ko sau ɗaya ba.

Ɗakin da muka sa shi ƙofarsa na duban tsakar gida. Yini yake yi a kwance yana kallon kajin Nafisa suna kai da kawo, ƙafafu rawaya, ƙirji a gaba.

Shekaranjiya ya ce, "Labbo, kajin ga na wa ne?"

Na ce, "Na jikata ne. Kulu ke kiwo."

Ya bi su da kallo. Can ya ce, "Sun yi kyau. Likita ya ce in ci abin da ke gina jiki. Bakina ba ya son komi. Da za a samu ɗan romo."

Na ja ƙafata na kai saƙo ɗakin girki, kalma bisa kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Kulu na tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To."

Na koma na zauna kusa da shi. Muka ji an ɗora ruwa. Ban ji kukan kaza ba, amma na ce wataƙila kunnena ne, shi ma ya tsufa. Yaya ya sa na tashe shi zaune, na jingina shi da bango, ya wanke hannu tun kwanon bai iso ba.

Ta shigo da langa mai murfi bisa faifai, sabuwa, cikin waɗanda ba a fitarwa sai baƙo na musamman. Ta durƙusa a bakin ƙofa, da gwiwoyin nan nata da ko sallah a zaune take yi yanzu, ta tura masa a hankali. Ya yi bisimilla ya ɗaga murfin.

Dusa ce, kore shar da garin ganye, an dama da ruwan ɗumi, tana ɗan tururi.

"Ku ci, Yaya," ta ce, kai a ƙasa. "Kun ga dai yadda sunka yi ƙiba."

Shekara da shekaru ina zaton ya manta. Da ya manta da ya tambayi mene ne wannan. Bai tambaya ba. Ya dubi kwanon, ya dubi tsakar gida inda zakaran ke karkaɗe ruwa daga fiffike. Ya sa hannu a ciki. Ya kai baki, ya mamula da dasashi, ya haɗiye da ƙyar. Ya sake ɗiba. Na miƙa masa ruwa bai karɓa ba. Ruwan sama na zuba ta indararo, shi kuwa yana ci, har ya kai ƙasan kwanon ya suɗe da yatsa.

Kulu ta jawo langar, ta duba ciki, ta mai da murfin.

"A ƙaro?" in ji ta.